Tsofaffin Gine-Ginen Karkarar Adamawa: Jarin da ke Jiran Masu Zuba Kuɗi

YOLA: A duk ƙarshen mako, da lokutan bukukuwan Salla da na Kirsimeti, akan ga jerin motoci na barin Jimeta ɗauke da ma'aikatan bankuna, da malaman jami'a, da ɗaliban makarantu, da iyalai, suna nufar dutsen Song, ko madatsar ruwa ta Kiri, ko maɓuɓɓugar Ruwan Zafi ta Lamurde. Galibinsu kafin magariba sun juyo gida, domin a irin waɗannan wurare da wuya a sami masaukin da zai ɗauki ayarin mutum ashirin ko talatin a wuri guda, da abinci, da ruwa, da kwanciyar hankali. Ta haka kuɗin kwana da na abinci, waɗanda su ne tsokar cinikin yawon buɗe ido, suke komawa birni, ƙauyen da aka ziyarta kuwa ya tashi da cinikin ruwan sha da gyaɗa kawai.

A ɗaya ɓangaren kuma, karkarar Jihar Adamawa tana da tsofaffin gine-gine na zamanin sarakuna, da na Turawan mulki, da na 'yan mishan, da na kamfanonin ciniki, waɗanda da yawansu aikin da aka gina su dominsa ya ƙare. A ƙasashe da dama irin waɗannan gine-gine ne ake gyarawa, a riƙa bayar da hayarsu dungurungum ga ayarin masu hutu. Tambayar da ke gaban 'yan kasuwar Yola da Jimeta ita ce ko wannan sana'a za ta iya tsayawa da ƙafafunta a nan, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa.

Yadda sana'ar take a wasu ƙasashe

Gwamnatin ƙasar Sifen ta buɗe masaukinta na farko na rukunin da ake kira Paradores a tsaunukan Gredos a shekarar 1928. Daga nan ta shiga mayar da tsofaffin fadoji, da ganuwoyin yaƙi, da gidajen ibada da aka daina amfani da su zuwa masaukan baƙi, har yawansu ya haura 90, kuma kamfanin da ke tafiyar da su mallakar gwamnati ne. Manufar tun asali biyu ce: a ceci ginin daga rushewa, a kuma kai baƙi yankunan da ba su da masana'antu.

A Ingila wata gidauniya mai suna Landmark Trust, wadda Sir John Smith ya kafa a 1965, ta bi wata hanya dabam. Takan karɓi ginin da ya kusa faɗuwa, ta gyara shi da kuɗin gudummawa, sa'an nan ta riƙa bayar da shi haya ga iyali ko ayarin abokai na 'yan kwanaki, su dafa abincinsu da kansu. Kuɗin hayar shi ke ɗaukar nauyin kula da ginin. Gidauniyar tana da gine-gine kimanin 200. A Faransa ma ƙungiyar Gîtes de France, wadda aka kafa a 1955, ta tsara yadda mutanen ƙauye ke gyara tsofaffin gidajen gona suna saukar da baƙi daga birane, tare da ma'aunin inganci da kowane gida zai cika kafin a sa shi cikin jerin.

A Indiya kuwa 'yan kasuwa ne suka ja ragamar. Fadar Neemrana da ke jihar Rajasthan, ginin ƙarni na 15 da ya zama kango, wasu 'yan kasuwa suka saye ta a 1986, suka buɗe ta ga baƙi a 1991 da ɗakuna kaɗan, suna ƙara gyara wani sashe duk lokacin da ciniki ya ba da hali. Kusa da gida ma akwai misali a Agadas ta Jamhuriyar Nijar, inda masaukin Hôtel de l'Aïr yake cikin tsohon ginin ƙasa da ake dangantawa da Kawusan, jagoran boren 1916 zuwa 1917, daura da babban masallacin garin.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne cewa tarihin ginin da yanayin wurin su ne hajar da ake sayarwa. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska ana samunsa a kowane otal na Jimeta. Abin da ba a samu a can shi ne kaurin bangon da ya shekara ɗari, da inuwar tsamiya, da labarin waɗanda suka zauna a wurin.

Abin da Adamawa ta mallaka

Tarihin wannan yanki ya bar gine-gine iri huɗu. Na farko su ne na masarauta. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a Gurin da ke gaɓar kogin Faro, daga baya ya koma Ribadu, kafin ya kafa Yola a 1841, ya kuma rasu a 1847. A zamanin ɗansa Lamiɗo Lawal ne Bajamushen nan mai yawon bincike, Dokta Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Yola a watan Yuni na 1851. Garuruwan da Modibbo ya zauna suna Ƙaramar Hukumar Fufore, tafiyar da ake iya yi daga Yola a dawo a yini ɗaya, kuma gidan tarihi na Fombina da ke fadar Lamiɗo ya isa ya zama zangon farko na duk ayarin da zai bi wannan hanya.

Na biyu su ne na ciniki. Tun kafin Turawan Ingila su ci Yola da yaƙi a watan Satumba na 1901, Kamfanin Neja yana saye da sayarwa a kogin Binuwai. Jimeta ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa, inda jirage ke hawowa idan kogi ya cika da damina, su sauke gishiri da atamfa da kananzir, su ɗebi gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga. Kamfanoni irin su John Holt da UAC sun yi kantuna da ɗakunan ajiya a tashoshin kogin. Sufurin ruwa ya mutu bayan da manyan motoci suka karɓe dako, ya bar gine-ginensa a baya.

Na uku su ne na mulki. Gwamnatin Turawa ta gina barikoki a hanyoyin rangadi a duk lardunan Arewa, domin Razdan da Di'o su riƙa sauka. Ban da haka, yankunan Mubi da Madagali da Ganye da Toungo sun kasance ƙarƙashin Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba su zama cikakken sashen Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu na 1961, lokacin da aka sa musu suna Lardin Sardauna. Kufan sansanin Jamusawa yana nan a Gashaka, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya. Sashensa na arewa yana Adamawa, na kudu yana Taraba.

Na huɗu su ne na 'yan mishan. Dokta Niels Brønnum, ɗan ƙasar Denmak, ya kafa tasharsa a Numan a 1913, yayin da Stover Kulp da Albert Helser na Amurka suka fara aiki a Garkiɗa a watan Maris na 1923. Irin waɗannan tashoshi sukan ƙunshi gidajen ma'aikata, da asibiti, da makaranta, a fili mai faɗi da itatuwa, wato tsarin da ya dace da saukar ayari.

A saman waɗannan duka akwai Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali, wurin farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, saboda fadar Hidi ta duwatsu, da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni, da tsohuwar sana'ar narka tama. Sai dai ya kamata mai zuba jari ya san iyakarsa. Fadar Hidi mazaunin sarki ce mai alfarma a wurin jama'arta, kamar yadda masallacin Gurin yake wurin ibada. Irin waɗannan wurare ziyartarsu ake yi. Masaukin kuwa sai a nemi wani ginin da ke kusa, wanda masu shi suka yarda a sauya masa aiki.

Su wane ne masu saye

Kuskuren da aka daɗe ana yi a shirye-shiryen yawon buɗe ido a ƙasar nan, tun daga kafa hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa a 1976 zuwa sake mata fasali a 1992, shi ne ɗora buri a kan Turawa da kuɗaɗen musaya na ƙasashen waje. Kasuwar da ta fi tabbas tana cikin gida. Yola tana da Jami'ar Modibbo Adama, wadda ta faro a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya a farkon shekarun 1980, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da rassan bankuna, da ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyin agaji da suka buɗe ofisoshi bayan rikicin Arewa maso Gabas. Dukkansu sukan shirya tarurrukan ƙara wa juna sani da na bitar aiki, kuma sun fi son wurin da ma'aikata ba za su riƙa sulalewa zuwa gida ko kasuwa ba.

Bayan su akwai ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na 'yan kasuwa, da na mata, da na majami'u da ke neman wurin keɓewa, da makarantun da ke kai yara ganin wuraren tarihi. Akwai kuma manyan iyalai da 'ya'yansu suka warwatsu a Abuja da Legas da Kano, waɗanda ba sa haɗuwa sai da Salla ko Kirsimeti ko biki, kuma gidan gado ba ya iya ɗaukarsu.

A nan tsarin hayar gida dungurungum yake da wata fa'ida da ta dace da al'adarmu. Magidanta da yawa a Arewa ba sa son kai iyalinsu otal, saboda cuɗanya da baƙin ido da kuma sunan da wasu otal-otal suka yi. Idan gidan duka na ayarin ne, da sashen mata dabam, da madafa da za su iya shiga, da wurin salla ko na addu'a, da filin wasan yara, wannan damuwa ta kau. Tsarin gidajenmu na gargajiya, mai zaure da tsakar gida da sassa, dama can haka yake.

Har ila yau, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, hutun Dubai ko na Masar ya fi ƙarfin iyalai da dama da suka saba zuwa. Amma tsadar mai ta kuma ƙara kuɗin tafiya a cikin gida, abin da ke nuna cewa ginin da ke tafiyar sa'a ɗaya ko biyu daga Jimeta zai fi samun ciniki a kan wanda ke can ƙuryar iyaka.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Ribar hayar ayari tana cikin sauƙin gudanarwa. Ciniki ɗaya ake ƙullawa da mutum ɗaya, a karɓi kafin alƙalami, a san yawan bakin da za a ciyar, a sayo kayan miya daidai bukata. Ba sai an ajiye ma'aikata dare da rana suna jiran baƙon da ba a san zuwansa ba. Idan babu ayari, gidan na iya zama da mai gadi da mai kula da shi kawai.

Matsalarta kuwa ƙarancin kwanakin ciniki ce. A ɗauka gida mai ɗaki goma ya sami haya a ƙarshen mako 30 cikin 52 na shekara, kwana biyu-biyu: kwana 60 ke nan. A ƙara masa tarurruka goma na tsakiyar mako, kwana uku-uku, ya zama kwana 90, wato kusan rubu'in shekara. Cikin waɗannan kwanaki 90 ne za a fitar da kuɗin gyaran shekara, da albashi, da haraji, da biyan bashi. Duk wanda lissafinsa bai fita ba sai gidan ya cika rabin shekara, ya sake dubawa.

Yanayi ma yana da ta cewa. Lokacin da ya fi daɗin fita a Adamawa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyin hunturu. A Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai yakan haura digiri 40, a nan ne gine-ginen da ke kan tudu ko gindin tsauni, masu kaurin bango da faffaɗar baranda, suke da fifiko. Da damina kuwa karkara takan yi kyawun gani, amma hanyoyin burji sukan lalace. Haka nan ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi, sun nuna cewa duk ginin da ke fadamar Binuwai sai an binciki iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa kafin a kashe masa ko kwabo.

Gyara ba rushewa ba

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa tsofaffin gine-gine a ƙasar nan da sunan gyara ake yinta. Wanda ya yaɓe bangon ƙasa da siminti ya toshe masa hanyar fitar da danshi. Ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a ciki, bayan 'yan damuna simintin ya ɓamɓaro tare da rabin bangon. Magina na gargajiya sun san maganin wannan: yaɓen makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da dogon indararo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango. Ga ginin dutse ko na jan bulo na zamanin Turawa, farar ƙasa ta fi siminti dacewa, saboda dalili iri ɗaya.

Tsarin aiki shi ne a fara da rufi, sa'an nan magudanar ruwa, sa'an nan bango, kwalliya ta zo daga ƙarshe. Banɗakuna da madafa ta zamani, waɗanda su ne ke jawo danshi, gara a gina su a sabon sashe a bayan gida. Wuta kuwa ta hasken rana ta fi dacewa, domin ƙarar janareto tana kashe shirun da baƙo ya biya kuɗi ya zo nema. Rijiyar burtsatse da tanki wajibi ne. Kuma a sani cewa ginin ƙasa yana bukatar yaɓe da duba rufi kowace shekara kafin faɗuwar damina, don haka a ware masa kaso daga kuɗin kowace haya.

Mallaka, doka da tsaro

Kafin a sa hannu a gini, a tabbatar da mai shi. Wani na ƙaramar hukuma ne, wani na masarauta, wani na majami'a, wani kuma na magada da yawa. Bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978, filaye suna hannun gwamnan jiha a matsayin amana, kuma duk wani sauyin hannu ko jingina a kan filin da ke da takardar shaidar mallaka yana bukatar amincewarsa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce yarjejeniyar haya ta dogon lokaci a rubuce, mai fayyace wanda zai yi gyara, da abin da ba za a taɓa ba, da kason mai ginin. Akwai abin koyi a yankin: a 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors domin haɗa hannu wajen kula da Gashaka-Gumti. Idan an taɓa ayyana ginin a matsayin wurin tarihi na ƙasa, to ba a taɓa shi sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, kuma tana da ofishi a Yola. Rajistar masauki kuwa, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2013, hurumin gwamnatocin jihohi ne.

Babban abin da zai yanke hukunci a kan wannan sana'a shi ne tsaro. An sa dokar ta-ɓaci a Adamawa a watan Mayu na 2013, Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoba na 2014 kafin a ƙwato ta a watan Nuwamba, an kai wa Sukur hari a ƙarshen shekarar, abin da ya sa aka sanya ta cikin jerin wuraren tarihi masu bukatar agaji na World Monuments Watch na 2018, an kuma kai wa Garkiɗa hari a watan Fabrairu na 2020. A Jihar Kaduna, ginin Kajuru Castle, wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 kuma ya yi suna wajen saukar ayarin masu hutu daga Abuja, ya gamu da harin 'yan bindiga a watan Afrilu na 2019, inda aka kashe baƙi biyu. Hari ɗaya ya isa ya rufe cinikin shekaru. Saboda haka hikima ita ce a fara da yankunan da ke kusa da Yola, a guji tafiyar dare, a riƙa sanar da jami'an tsaro zuwan kowane ayari, a kuma nemi shawarar hakimi da mai unguwa kafin kowace tafiya.

Kariyar da ta fi kowace ɗorewa ita ce jama'ar garin su ga amfaninsu a cikin abin. Idan kaji da nono da kifi da kayan lambu daga wurinsu ake saye, matansu ke girki, samarinsu ke ja-gora, maginansu ke yaɓen shekara, masaƙa da maƙera da masu sassaƙar ƙwarya suna baje hajarsu ga baƙi, to kowa a ƙauyen ya zama mai gadi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matakin da ya rage ga hukuma shi ne ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido ta jiha, tare da ƙananan hukumomi 21 da masarautu, su tattara jerin tsofaffin gine-ginen da ke hannunsu, da halin da kowanne yake ciki, su kuma fitar da sharuɗɗan bayar da haya a fili domin kowa ya nema. Ga 'yan kasuwa kuwa, musamman masu otal-otal a Jimeta da suka riga suka san masu shirya tarurruka, shawarar ita ce a fara da gini ɗaya da ɗakuna kaɗan, a gwada shi hunturu biyu, kafin a nemi bashin banki. Kowace damina da ta wuce tana ƙara tsadar gyaran, kuma ginin da rufinsa ya faɗa ciki ba ya daɗewa kafin bangonsa ya bi shi.